Gwanintar Sa Mai Rubuta Manhaja Ya Raka Aikinsa Har Ƙofar Jama'a

Manhajar bankin da ke cikin wayarka fuska ce kawai. Jikin aikin yana can kan wasu manyan kwamfutoci da ake kira saba, jere a ɗakuna masu sanyi, ba sa hutawa dare da rana, kuma mutum dubu ɗari na iya taso musu a lokaci guda. Ba a kansu aka rubuta manhajar ba. An rubuta ta ne a kan kwamfutar mutum ɗaya, inda babu cunkoso, babu mai jira, in ta tsaya ma ba wanda zai sani sai shi. Ɗauko sabon rubutu daga teburin mai shi, a ɗora shi kan sabobin nan har ya fara yi wa jama'a aiki, shi ake kira sakin manhaja. A wannan tsallakawar ake yawan yin ɓari. Injiniyoyin Google, a littafin da suka fitar a 2016 kan yadda suke kula da na'urorinsu, sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na katsewar aiki daga canjin da aka yi wa tsarin da ke tafiya yake tasowa.

Shekara da shekaru aikin ya kasu gida biyu. Gida ɗaya na masu rubuta manhaja, waɗanda ake yaba musu da yawan sababbin abubuwan da suka ƙirƙiro. Ɗaya gidan na masu kula da sabobi, su kuma yabonsu shi ne a wayi gari komai na tafiya, ba a ji ƙorafin kowa ba. Ka ga tun daga wurin yabo an riga an haɗa su faɗa: wannan da canji yake cin abinci, wancan canji ne ke hana shi barci. Mai rubutu ya gama, ya ɗaure kayansa, ya miƙa tare da 'yar takardar umarni, ya tafi gida. Mai kula da saba ya karɓi abin da bai san cikinsa ba, ya zauna da shi tsakar daren Asabar. In abu ya watse ya buga waya, amsar da zai ji ita ce wadda duk wanda ya taɓa aikin nan ya haddace: "Ai ni a kwamfutata lafiya lau yake aiki." Ba ƙarya yake yi ba. Kwamfutarsa ce ba ta yi kama da inda aikin ya je ba, shi kuwa bai taɓa leƙa wurin ba.

Akwai mutanen da gwanintarsu ita ce ɗinke wannan ɓaraka, kuma ina jinjina musu ƙwarai, domin aikin da suke yi ya fi rubuta manhajar kanta wuya. Na'ura in ka ba ta umarni daidai za ta bi. Ɗan'adam kuwa ba ya ɗaukar nauyin abin da ba ya gani, ba ya iya taɓawa, kuma yake tsoron a kore shi a kansa.

Kafin mu zo kansu, a duba abin da rabuwar ke jawowa. Knight Capital kamfanin dillancin hannun jari ne a jihar New Jersey ta Amurka, ɗaya daga cikin manya a lokacinsa. A ƙarshen Yulin 2012 aka shirya sabon rubutu don na'urarsu mai tura odar saye da sayarwa zuwa kasuwa. Sabobi takwas ke ɗauke da wannan aiki, kuma da hannu ake kwafa musu sabon rubutun. Ma'aikacin da ya yi kwafin ya ɗora wa bakwai, ɗaya ta kuɓuce masa. Ba wanda ya bi bayansa ya duba, domin babu rubutacciyar dokar da ta ce a yi hakan. A cikin ta takwas ɗin kuwa akwai wani tsohon rubutu mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge ba, kuma makunnin da ke tashinsa shi aka ara aka ba sabon aikin.

Safiyar 1 ga Agusta, tun kafin a buɗe kasuwa, na'urar ta aika wa ma'aikata saƙonnin imel 97 da ke ambaton Power Peg. Ba a tsara saƙonnin a matsayin ƙararrawar haɗari ba, ba wanda ya tashi a kansu. Da ƙarfe tara da rabi aka buɗe kasuwa, tsohon rubutun ya farka, ya kama zuba oda ba tsayawa. Mutanen da ke ƙoƙarin gano bakin zaren suka yi zaton sabon rubutun ne mai laifi, suka cire shi daga sabobi bakwai masu lafiya, sai cutar ta bazu har can. Cikin kimanin minti 45 an yi ciniki fiye da miliyan 4 a hannun jarin kamfanoni 154. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ƙiyasta asarar da fiye da dala miliyan 460, ta kuma ci kamfanin tarar dala miliyan 12 a shekarar da ta biyo. Knight bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, sai da ya haɗe da wani kamfanin.

Mai gaggawar yanke hukunci zai ce laifin mutumin da ya manta saba ɗaya ne. Ni ban ga haka ba. Wanda ya ari tsohon makunni shi ke da damar sanin haɗarin da ke ciki in wata saba ta rasa sabon rubutu, amma ba shi ke kwafin ba. Wanda ke kwafin kuma bai san cewa tsallake ɗaya zai tayar da abin da ya shekara tara a kwance ba. Kowannensu na riƙe da rabin sani, kuma tsarin wurin bai taɓa zaunar da su kan tabarma ɗaya ba.

Shekara uku kafin wannan rana, wasu mutum biyu sun riga sun nuna wa duniya wata hanyar. A watan Yunin 2009, a taron Velocity da aka yi a birnin San Jose na jihar Kalifoniya, John Allspaw da Paul Hammond suka hau dandamali tare. Dukansu ma'aikatan Flickr ne, shafin ajiye hotuna da ke ƙarƙashin Yahoo a lokacin, mai ɗauke da hotuna kimanin biliyan 3. Allspaw shi ne shugaban masu kula da sabobi, Hammond na masu rubutu. Tsayuwarsu tare ma kanta labari ce. Suka ce a wurinsu ana sakin sabon rubutu fiye da sau 10 a rana, a zamanin da kamfanoni da yawa ke yi sau ɗaya a wata, ko a wata uku, suna addu'a.

Abin da ya fi burge ni a jawabin shi ne inda Allspaw ya fara da gyara gidansu kafin ya taɓa na maƙwabta. Ya ƙi yarda cewa aikin mai kula da saba shi ne hana shafi faɗuwa. A ganinsa aikinsa shi ne ba kamfani damar yin sana'arsa, sana'a kuwa ba ta tafiya sai da canji, don haka ba hana canji ne mafita ba, rage haɗarinsa ne. Duk mai son masu rubutu su ɗauki nauyin saki, daga nan zai fara. In ka tsaya bakin ƙofa da makulli kana ce wa mutane a'a, za su koyi zagaye ka, ba za su koyi aikinka ba.

Suka bayyana kayan aikinsu ba ɓoye-ɓoye. Rumbun rubutu ɗaya ne ga kowa, har da rubutun da ke tsara sabobin kansu, ta yadda kowane ɓangare zai iya karanta na ɗayan. Haɗa manhaja da sakinta an mayar da su dannawa ɗaya. Duk saki ana rubuta wa ya yi, yaushe, me ya canja, kuma wani ɗan mutum-mutumi na sanar da shi a ɗakin hirar ma'aikata. Ma'aunan lafiyar shafi a buɗe suke ga kowa. Rabin jawabin kuma ba na na'ura ba ne sam: girmama juna, yarda da juna, sanin cewa faɗuwa za ta zo ko ba jima ko ba daɗe, da barin nuna ɗan yatsa. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, Patrick Debois, ya kalli jawabin ta intanet daga nesa, ya shirya taron kwana biyu a birnin Ghent a watan Oktoban shekarar, kuma daga sunan taron aka samo sunan DevOps da ake kiran wannan salon aiki da shi har yau.

Amma in ana son ganin gwanintar a aikace, sai a bi Allspaw zuwa Etsy, kasuwar intanet ta masu sana'ar hannu da ke unguwar Brooklyn a birnin New York, inda ya koma bayan ya bar Flickr. Kafin a gyara tsarin wurin, saki ɗaya kan cinye sa'o'i masu yawa da tawagar mutane, kowa gabansa na faɗuwa. Cikin 'yan shekaru abin ya koma aikin mutum ɗaya na 'yan mintoci, har ya kai sau 50 a rana.

Dubi yadda suke karɓar sabon injiniya a wancan lokacin. Ranar farko da ya fara aiki, ranar zai saki rubutu zuwa shafin da miliyoyin mutane ke ciniki a kai. Ba wani babban abu ake ba shi ba: hotonsa zai ƙara a shafin da ke nuna ma'aikatan kamfani. Zai rubuta 'yan layukan, ya tura su ga gwaje-gwajen da na'ura ke yi da kanta, ya shiga ɗakin hirar da aka ware don saki, ya bi layi. Masu jiran saki akan haɗa su ayari-ayari, na gaba shi ne direba. Direba ya buɗe Deployinator, manhajar da suka gina wa kansu, ya danna maɓallin farko, rubutun ya hau sabar gwaji mai kama da ta gaske. Kowane ɗan ayari sai ya duba nasa da idonsa, ya rubuta a ɗakin cewa lafiya. Sai kowa ya amsa, sannan direba ya danna na biyu. Minti kaɗan sabon ma'aikacin zai buɗe shafin Etsy a wayarsa ya ga fuskarsa.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka wasa ne na maraba da baƙo. A hakika darasi ne da aka tsara da zurfin tunani. Kafin yaron nan ya ji tatsuniyoyin ban tsoro daga tsofaffin ma'aikata, ya riga ya bi hanyar da ƙafarsa daga farko har ƙarshe. Ya san inda maɓalli yake, ya san wa zai tambaya, ya san cewa shi ne zai ce "lafiya" ba wani ba. Kuma kamfanin ma ya gwada kansa: in sabon zuwa ya kasa saki a ranar farko, to hanyar ce ke da ƙaya, sai a share ta. Daga baya har ma'aikatan da ba injiniyoyi ba aka riƙa ba su damar yin wannan sakin na farko, wani injiniya na zaune kusa da su.

Maɓalli kaɗai bai isa ba, sai da ido. Etsy sun cika ofis da alluna masu nuna hawa da saukar komai: mutum nawa ke shiga, nawa suka kasa shiga, ciniki nawa ya faɗa a minti, kuskure nawa na'ura ta rubuta. A 2011 suka fitar da StatsD kyauta ga kowa, 'yar manhajar da ta sa auna sabon abu ya zama layi ɗaya na rubutu, don mai rubutu ya daina jiran wani ya auna masa. Dabarar da na fi so a cikin duka kuwa ƙarama ce ainun. Duk lokacin da aka yi saki, sai wani layi ya miƙe a tsaye a kan kowane zane, daidai mintin da aka yi shi. In kuskuren shiga shafi ya yi tsalle daidai jikin layin nan, babu sauran gardama ko taron neman mai laifi. Wanda ya danna yana nan zaune, abin da ya canja layi goma ne ko ashirin, yana tuna su sarai domin da safen nan ya rubuta su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yakan gyara kafin mai kula da saba ya ajiye kofin shayinsa.

Allspaw ya ɗauki wannan al'amari da gaske har ya koma aji, ya yi digiri na biyu a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin kan halayyar ɗan'adam da kiyaye haɗari a manyan tsare-tsare. Kundinsa na 2015 ya bi diddigin yadda injiniyoyi ke tunani a daidai lokacin da shafi ya sami matsala, kuma abu na farko da ya ga suna yi shi ne neman abin da aka canja kwanan nan. Layin nan na tsaye amsar wannan tambayar ce tun kafin a yi ta.

A nan ne sirrin yawan saki yake. Mutane kan ji sau 50 a rana su ce ganganci ne. Lissafin kuwa akasin haka yake nunawa. Wanda ya tara aikin wata uku ya sake shi dare ɗaya, ya saki canji dubu a dunƙule, in abu ya lalace bai san wanne ba ne a ciki. Wanda ke saki kaɗan-kaɗan, duk lokacin da abu ya lalace abin zarginsa ɗaya ne. Sannan akwai makunnai. A Flickr da Etsy sabon abu kan hau saba a kashe, a kunna wa ma'aikata su kaɗai, sannan kashi 1 cikin 100 na jama'a, sannan a ƙara, ana kallon alluna. In ya yi gardama a kashe shi nan take. Makunni ne ya kashe Knight, makunni ne kuma ke ceton waɗannan. Bambancin shi ne a nan wanda ya dasa shi shi ke kunnawa, shi ke kallo, shi ke tuge shi in ya gama amfani. Duniya ta sake ganin tsadar saki a dunƙule ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa na kamfanin tsaro CrowdStrike ya tafi ga kowa a lokaci guda, ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Cikin alkawuran da kamfanin ya yi bayan nan har da sakin irin wannan sabuntawa mataki-mataki.

Yanzu ga ɓangare mai zafi, wato kiran dare. Tun 2006 Werner Vogels, babban jami'in fasaha na Amazon, ya faɗa a wata hira cewa a wurinsu wanda ya gina abu shi ke tafiyar da shi, kuma hakan ya kyautata ingancin aikinsu domin ya haɗa masu rubutu da masu amfani da kayansu kai tsaye. Ma'anarsa a aikace ita ce, in abin da ka rubuta ya tsaya da ƙarfe uku na dare, wayarka ce za ta yi ƙara. Ba shakka wannan na gyara rubutu. Mutumin da aka taɓa tasa daga barci ya tarar da saƙon kuskure da bai ce komai ba sai "an sami matsala", gobe da kansa zai zauna ya rubuta saƙon da ke faɗin wace matsala, a ina, da wane bayani. Abin da aka shekara ana roƙonsa a takarda, dare ɗaya ya koya masa.

Sai dai a nan ne shugabanni da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle, kuma a nan ake gane gwani. Wasu sukan ji wannan magana su tafi su raba wa masu rubutu jadawalin gadin dare, ba su ba su izinin shiga saba ba, ba su nuna musu alluna ba, ba su ba su lokacin gyara abin da ke tashinsu ba. Wannan zalunci ne, kuma sakamakonsa mutanen kirki su ajiye aiki. Gwani yakan bi abin da tsari. Ya fara da gayyatar mai rubutu ya zauna kusa da mai gadi ya ga yadda dare ke wucewa. Ya tace ƙararrawa, ya kashe duk wadda ke ƙara a kan abin da zai iya jira har safe. Ya tabbatar wanda ya kwana ido biyu ya sami hutu washegari, kuma abin da ya tashe shi ya shiga sahun gaba na aikin mako.

Google sun bi ta wata hanya mai kyan lissafi. Ben Treynor Sloss, wanda ya kafa rundunar masu kula da amincin shafukansu a 2003, ya kawo tsarin da za a iya kira kasafin kuskure. Ɓangarorin biyu sukan zauna su yarda cewa, misali, wannan sabis zai yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci. Ɗan abin da ya rage, kimanin minti 43 a wata, shi ne kasafin. Muddin ba a cinye shi ba, masu rubutu su saki abin da suka ga dama. Da ya ƙare, sakin sababbin abubuwa ya tsaya, kowa ya koma gyara. Nan take masu rubutu suka zama masu sa wa junansu ido, domin gangancin mutum ɗaya zai tsayar da aikin kowa. Akwai kuma ƙa'idar cewa masu kula da sabobi ba za su kashe fiye da rabin lokacinsu kan kashe gobara da aikin hannu ba. In ya haura haka, rarar takan koma kan waɗanda suka rubuta manhajar, har da kiran dare.

Duk wannan gini zai rushe ranar farko da aka kori wani saboda ya danna maɓalli shafi ya faɗi. Allspaw ya san haka, shi ya sa a 2012 ya rubuta bayanin yadda Etsy ke zaman bitar hatsari ba tare da ɗora laifi ba, yana ɗebo ilimi daga masu binciken hatsarin jiragen sama da na asibitoci. Hujjarsa a miƙe take. Injiniyan da ke tsoron hukunci zai ɓoye bayani, in ya ɓoye ba za a fahimci yadda abin ya faru ba, in ba a fahimta ba zai sake faruwa a hannun wani. A zaman, ba a tambayar mutum don me ya yi sakaci. Ana tambayarsa me ya gani a allo a lokacin, me ya yi tsammanin zai faru, me ya ɗauka tabbas ne, me ya sa matakin da ya ɗauka ya yi masa kama da daidai a wannan mintin. Ba wanda ke zuwa ofis da niyyar kayar da shafi, don haka in abu ya yi wa mai hankali kama da daidai alhali ba daidai ba ne, akwai tarko a hanyar, kuma shi kaɗai zai iya nuna inda yake.

Kada a ɗauka yafiya ce ta banza. Wanda abin ya faru a hannunsa shi zai tsaya gaban abokan aiki ya ba da labari dalla-dalla, shi zai taimaka a rufe ramin, shi zai zama malamin kowa a kan wannan matsala. Nauyi ne babba, amma irin wanda mutum ke iya ɗauka da mutuncinsa. Etsy har kyauta suka riƙa bayarwa duk shekara, rigar sanyi saƙaƙƙiya mai hannu uku, ga injiniyan da kuskurensa ya fi ba da mamaki kuma aka fi koyon darasi daga gare shi. Sabon ma'aikacin da ya ga ana tafa wa babban injiniya a kan haka, ba sai an gaya masa cewa faɗin gaskiya ba ya cin mutum a wurin ba.

Mai shakka zai ce wannan labarin kamfanoni biyu ne ko uku. Nicole Forsgren da Jez Humble da Gene Kim sun shafe shekaru suna tattara amsoshin dubban ma'aikata daga ƙasashe da masana'antu daban-daban, suka fitar da sakamakon a littafin Accelerate a 2018. Sun auna yawan saki, da tsawon lokaci daga rubutu zuwa hannun jama'a, da yawan sakin da ke jawo matsala, da saurin farfaɗowa. Suka tarar masu saurin su ne kuma masu kwanciyar hankalin. Suka kuma tarar cewa kwamitin waje da ke sa hannu kafin a yi saki yana jinkirta aiki ba tare da ya rage yawan ɓarna ba. Dubawar abokin aiki wanda ya san rubutun, tare da gwajin na'ura, ta fi amfani.

'Yan ƙananan kamfanonin manhaja da ke tasowa a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai ba su da gida biyu, amma da yawansu na da wata sigar matsalar: mutum huɗu ko biyar ke rubutu, ɗaya tak ke riƙe da kalmar sirrin saba, kuma matakan saki a kansa suke. Tazarar da ke tsakanin kwamfutar mai rubutu da wayar mai amfani ma a nan ta fi faɗi, domin mai POS a bakin kasuwa da ƙaramar waya yake aiki, netwok na zuwa na ɗaukewa. Ba a bukatar kuɗin Google kafin a fara gyara. Mai riƙe da makullin ya zauna ya rubuta duk matakin da yake bi, har waɗanda yake ganin ba sai an faɗa ba. Ya mayar da su rubutun da na'ura za ta bi da kanta, ya ajiye shi a rumbu ɗaya da sauran rubutun. Ya sa allo ɗaya, ko da tsohuwar talabijin ce, inda kowa zai ga yawan kuskure da lokacin kowane saki. Ya tabbatar akwai hanyar komawa baya da aka gwada ta da rana tsaka, ba wadda ake fatan tana aiki ba.

Mataki mafi wuya shi ne na bayan waɗannan. Ya kira mafi ƙanƙanta a cikinsu ya ba shi kujerarsa, ranar Talata da hantsi lokacin da kowa na nan, shi kuma ya koma gefe ya harɗe hannu. Yaron zai tsaya a mataki na uku yana neman wani fayil, hannun babban zai yi ta ƙaiƙayi ya karɓi kwamfutar ya gama cikin daƙiƙa goma. In dai abin bai kai ga taɓa kuɗin mutane ba, ya bar shi ya nemo da kansa, shi kuma ya ɗauki biro ya rubuta inda ya tsaya, domin wurin ne za a gyara kafin saki na gaba.